Dami Ɗaya Zuwa Tudun Auta

A kasuwar Cadawa, idan ka tambayi inda Hasiya mai aya take zama, kowa zai nuna maka gindin dalbejiyar da ke kusa da masu gishiri. Amma kafin ya nuna maka sai ya yi ɗan murmushi, ya ce ka shirya amsoshinka. Mace ce mai tambaya. Kai ka zo sayen tiya biyu ta aya, ita kuma sai ta san garinku, da sunan uwarka, da dalilin da ya sa ba ka zo makon jiya ba. Wasu na cewa gulma ce. Ba gulma ba ce, don ba a taɓa jin ta kai maganar wani wurin wani ba. Ita dai ba ta iya barin abu rabi a rufe, kuma wannan halin shi ya hana ta abin da ta fi so a duniya, wato gona tata ta kanta.

An haife ta a Gidan Habi, wani ƙauye da ke tafiyar hantsi daga Cadawa. Da ubanta ya rasu, 'yan'uwanta maza suka raba gonarsa, ita aka ba ta akuya da kyakkyawar magana. Ba ta yi ƙara ba, a lokacin ba a san mace da wannan ba. A gidan mijinta Lurwanu ta samu gamana, ɗan yankin da ake yanka wa mace a gefen gandu, ta noma gyaɗa da wake shekara goma sha shida. Sai Lurwanu ya riga ubansa mutuwa. Gandu na tsoho ne, ba a raba ba, don haka da tsohon ya bi bayan ɗansa, rabo ya tsallake ɗakin Hasiya da 'ya'yanta mata biyu. Ba wanda ya zalunce ta da baki. Kawai dai da ruwan shuka ya sauka a shekarar, ta ɗauki hauya ta fito ƙofar gida, ta rasa inda za ta nufa.

Daga nan ta shiga noman aro. Wanda bai yi shi ba bai san ɗacinsa ba. Za a ba ka fako, wurin da ko tsiro bai son zama, ka yi ta jidar kashin awaki a kai kana zubawa. Shekara ta farko ka samu kara, ta biyu ka samu ɗan abin kai wa baki. Ta uku, da hatsi ya yi baƙi ya fara kaɗawa, sai mai gona ya tuna yana da ɗa da ya isa noma. Sau huɗu aka yi wa Hasiya haka. Kowane karo ta yi godiya, ta koma gida ta yi kukanta a bayan ɗaki, ta sake fita neman wani fakon.

Aya ce ta riƙe ta. Tana saye da kaka, ta wanke, ta shanya, ta tsince tsakuwa ɗaya ɗaya, ta kai Cadawa da Gazawa. Abin da ya ragu ba ta sa shi a zane ko a kwano, sai ta mai da shi tunkiya, tunkiya ta zama maraƙi. Shekara goma sha tara tana wannan. Tana da shekara hamsin da takwas, da bijimai biyu da ta turke a gidan 'yarta Naja'atu, lokacin da aka ce mata Tahiru zai sayar da gonarsa ta gabas.

Tahiru ɗan garinsu ne, ya ɗan girme ta, mutum mai sanyin hali wanda gwiwoyi suka ci amanarsa. 'Ya'yansa maza duk sun tafi Maradi, ba mai niyyar dawowa ya riƙe hauya. Shi abin da yake so ya sayi injin niƙa, ya kafa a bakin masallaci, ya zauna a kan kujera ya ƙarasa kwanakinsa. Gonar kuwa ba ta da abin kushewa. Jigawa ce mai laushi, irin wadda aya ke so, ga gawo bakwai a tsaye, ga ta kusa da hanya. 'Yan kasuwar Maradi biyu sun riga sun leƙo, amma Tahiru ya ce ya fi son ta zauna a hannun na gida. Suka daidaita da Hasiya a farkon kaka, a kan cewa da zarar an kwashe amfani sai a yi takarda.

Da wani ne da sai ya koma gida ya yi barci mai daɗi. Hasiya sai ta ɗaura zane ta shiga yawo.

Ta fara da zagaya iyaka, ita kaɗai, tana bin layin gamba. Ta nemi turakun siminti da ake kafawa a bakin burtali, ta same su can nesa, bayan gonaki biyu, ta tabbata shanu ba su da hanya ta ciki. Ta je wurin maƙwabta huɗu, kowa ta sa shi ya taka iyakarsa da ƙafarsa a gabanta. Ta hau mota ta tafi Agiye, ta zauna a bencin buro, wato ofishin hukuma, tun safe har azahar don a gaya mata ko wurin ya shiga gandun daji, ko akwai hanyar da gwamnati ke shirin fitarwa ta nan. Aka ce babu. Ta tambaya ko an taɓa ba da gonar jingina, mai gari ya ce bai taɓa ji ba. Sannan ta yi abin da maza masu saye ba su yi, ta bi 'yan'uwan Tahiru mata har ɗakunansu, ɗaya a Gazawa, ɗaya can Gidan Sori, kwana biyu a hanya. Ta san yadda ake ba mace akuya a rufe mata baki. Duka biyun suka ce an sallame su tun da daɗewa, kuma za su zo su sa hannu.

A Gidan Habi akwai kwamitin da ke rubuta cinikin ƙasa, wanda ake kira kofo. Mai gari ne shugaba, mai riƙe da littafi kuma Mushe Abdurrahaman ne, wani malamin lakol, wato makarantar boko, da ya yi ritaya. Mushen ne ya sa aka yi shela a masallaci ranar Juma'a, cewa Tahiru zai sayar, Hasiya za ta saya, mai magana ya fito. Ba wanda ya fito. Da Hasiya ta koma wurinsa karo na biyar da wata sabuwar tambaya, sai ya cire tabarau ya dube ta.

"Hasiya, gona za ki saya ko ƙasar Nijar gaba ɗaya? Ba abin da ya rage. Ki je ki sai da bijimanki."

Ta sayar da su kuwa. Ranar ta yi tafiya kamar yarinya, har mutane suka lura.

Saura kwana tara a sa hannu, ta bi ta gonar don ta taya Salima, matar Tahiru, tattara zangarniya. Ba aikinta ba ne, so take ta ji ƙasar a tafin ƙafarta. Ana ta ɗaura dammuna ana jerawa. Sai ta ga guda ɗaya a jingine shi kaɗai a gindin gawo, babba, an zaɓo masa zangarniya masu kyau. Da amalanke ya zo, shi aka fara ɗorawa, kuma maimakon ya nufi gari sai ya yi arewa.

"Salima, wancan ina za shi?"

"Sadakar Baba ce, Yaya. Tudun Auta ake kai ta, gidan wata tsohuwa, Shatu. Tun ina amarya na iske ana yi."

"Zakka ke nan?"

"A'a, zakka ta liman ce, ga ta can. Wagga daban take. Mahaifin maigida ya bar wasiyya, ya ce ko mi za a yi kar a fasa. Ke, har shekarar yunwar nan da muka samu dami bakwai tak, sai da aka kai."

"In gonar ga ba ta yi ba fa? A ɗebo daga ta bayan gida?"

Salima ta yi dariya. "Haba. Daga nan dai ake ɗauka, kuma na farin ɗauri. Haka tsohon ya ce."

Hasiya ta ci gaba da tsintar zangarniya. Ta shekara goma sha tara tana aron ƙasa, ta san wannan damin kamar yadda ta san tabon da ke ƙafarta. Ita ma ta sha kai shi. Mai sadaka bai damu da gonar da hatsi ya fito ba, mai aro ne yake damuwa. Dami ɗaya daga cikin gonar, kowace kaka, zuwa ƙofar mai ita, don kada a manta wa ke da ƙasa. Tudun Auta kuma garin wani mai gari ne daban, shelar masallacin Gidan Habi ba ta kai can.

Kwana huɗu ta yi da abin a cikinta. A nan ne nake jin tausayinta ƙwarai, don ba wanda ya sani sai ita. Tahiru bai sani ba, da gaske yake ɗauka sadaka ce. Mai gari yaro ne a kan kujera, dattawan da suka san asali duk sun kwanta dama. Takarda za ta fito da hatimi da hannun shaidu, ba mai cewa ta yi ƙarya. Ta kira Naja'atu a waya ta gaya mata, don ita kaɗai take iya gaya wa.

"Inna, don Allah ki rufa mana asiri," in ji Naja'atu. "Wa ya aike ki? Kin je buro, kin je wurin mai gari, kin bi 'yan'uwa. Zato ne fa kawai kike yi. Tsohuwar ma ƙila gobe ba ta."

"In tana da jikoki fa?"

"To sai su zo su iske takarda."

Maganar ta zauna mata, har ta yi kwana ɗaya tana jin ta yarda. Amma sai ta hango kanta tana zuba taki a gonar tana waiwayen hanyar arewa, tana jiran ranar da wani zai sauko daga babur ya yi sallama. Zaman da take gudu ke nan. Ba don ta noma ƙasa take son saye ba, ƙasa ta noma ta gaji. So take sau ɗaya a rayuwarta ta shuka ba tare da tsoron sallama ba. Rana ta biyar da sassafe ta ɗauki ƙullin aya na gaisuwa, ta hau babur ɗin haya zuwa Tudun Auta.

Tana fatan ta tarar da bukka da tsohuwa mai jiran taimako. Da haka ne da ta juyo da farin ciki. Sai aka nuna mata gida mai zaure, ta ƙirga rumbuna shida a bayansa kafin ta shiga.

Inna Shatu ta haura tamanin da yawa. Idonta ya yi hazo, amma kunnenta da kanta garau. Aka gaisa, aka sha ruwa, Hasiya ta kewaya ta kewaya, sannan ta ambaci damin Gidan Habi.

"Ya iso kwana huɗu ke nan," in ji tsohuwar. "Gidan Ɗanasabe ba su taɓa saɓawa ba, Allah shi yi musu albarka."

"Wane ne Ɗanasabe, Inna?"

"Kakan Tahiru mana. Daga hayin iyaka ya zo, ƙasar Katsina, shi da jaki guda da mata mai ciki. Ubana ya ba shi gonar gabas ya ce shi noma shi ci, shi da ɗiyansa, muddin dami na zuwa. Ina yarinya, ni na kai musu ruwa ranar da aka taka iyaka. Sannan muna zaune can, kafin mu taso nan saboda rijiya."

"Tahiru ya san haka?"

"In bai sani ba, mi yake kawowa?" Ta ɗan karkata kai. "Ni dai kowace shekara jikokina nika sa su shigo da shi, in sa su faɗi gonar da ya fito, da baki. Ba don muna so mu amsa ba. Don dai kar ta ɓace."

Tsohuwar ta miƙo hannu ta laluba na Hasiya, ta shafa kantar da ke tafinsa.

"Ke manomiya ce. Saye za ki yi, ko?"

"Na yi niyya, Inna."

"Ayya, ɗiyata. Ba ta sayarwa ba ce."

Ba ta faɗe shi da zafi ba, kuma wannan ya fi ciwo. Hasiya ta yi sallama ta fito. Ba ta nemi babur ba, ta taka da ƙafa har gida, tafiyar da ta cinye mata yini.

Ba ta wuce wurin mai gari kai tsaye ba. Ta fara zuwa gidan Tahiru, don kada ya ji a bakin taro. Ya saurare ta har ƙarshe, ya yi dariya, ya ce tsufa ne ke damun Shatu. Da ya ga fuskar Hasiya ba ta motsa ba, dariyar ta tsaya. Ya ce in ba ta son gonar ta faɗa, akwai masu so, ba sai ta ɓata sunan ubansa ba. Ta ce tana son gonar fiye da yadda take son idonta. Ya shige ɗaki ya bar ta a tsakar gida da Salima, wadda ta rufe baki da hannu tana hawaye, don ta gane daga bakinta maganar ta fita.

Zaman kofo bai yi tsawo ba. Jikokin Shatu uku suka zo, da wani dattijo na garinsu, da mai amalanken da ya shekara ashirin yana kai damin, kuma ubansa ya kai kafin shi. Ba a yi faɗa ba, ba a kira jandarma ba. Mutanen Tudun Auta suka ce ba su zo karɓar komai ba. Mushe Abdurrahaman ya ajiye takardar ciniki da ya riga ya cika rabi, ya ɗauko wata, ya rubuta aro. Tahiru zai noma, 'ya'yansa za su noma in sun so, ba sayarwa, ba jingina. Aka miƙa masa ya dangwala yatsa. Ya daɗe yana kallon takardar, duk da bai iya karatun boko ba. Ita ce ta farko da aka taɓa rubuta sunansa a kan gonar, kuma abin da take faɗa shi ne ba tasa ba ce.

Gari ya rabu biyu a kan Hasiya. Wasu suka ce ta yi abin da ya dace, ta hana rigimar da za ta ci jikoki. Wasu suka ce ta tona abin da Allah ya rufe, ta hana bawan Allah injinsa, ta hana kanta gona, wa ya ci riba? Wani abin dariya, masu zaginta su ne suka fara zuwa a ɓoye. Duk wanda zai sayi ƙasa daga Cadawa har Gazawa sai ya biyo ta gindin dalbejiya, ya sayi ayar da ba ya bukata, ya ce ko za ta leƙa masa wani wuri. Tana zuwa. Ta gano wa wani jinginar da aka manta, ta gano wa wani cewa kukokin da ke cikin gonar na wata gwaggo ne, ba su cikin ciniki. Mutum tara sun sayi gona da kwanciyar hankali ta dalilinta. Ita kuwa farashin ƙasa ya yi mata nisa, abin da bijimanta suka kawo a lokacin yanzu ko rabin irin waccan gonar ba zai saya ba.

Tahiru ya shekara biyu bai amsa gaisuwarta ba. Yana nan yana jan ƙafa zuwa gonar gabas, yana noma abin da ya iya, sauran ya bar wa ciyawa. Bara, ana dab da damina, ya tsaya a gaban tabarmarta a kasuwa, yana dogara sanda. Ta shimfiɗa masa buhu, ya zauna da ƙyar.

"Na je Tudun Auta ta'aziyya," ya ce. "Inna Shatu ta cika."

"Na ji. Allah shi jiƙanta."

"Gaskiya ta faɗa, na sani. Na tuna wasu maganganun Baba da ban gane ba sai yanzu." Ya ɗebi aya ɗaya ya juya ta a yatsunsa. "Amma ina so ki san wani abu, Hasiya. Ke kin rasa gonar da ba ki taɓa samu ba. Ni wadda aka haife ni a cikinta na rasa, kuma kullum ina cikinta."

Hasiya ta ajiye tiyar da ke hannunta. Ta ce, "Haka ne, Tahiru." Suka zauna tare har aka kira la'asar.

Bayan kwana shida ruwan shuka ya sauka. Hasiya tana da shekara sittin da ɗaya. Ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta nufi gidan wani Sabi'u da aka ce yana da fako a yamma da gari. Ita ta dafa tuwon sunansa ranar da aka raɗa masa suna. Ta same shi a zaure yana danna waya, ta cire takalmi, ta durƙusa a gabansa, ta ce ta zo neman aro.